Amurka: Sabon salon horar da 'yan ƙwallo a makarantu

A duk daren Juma'a na lokacin kaka, filayen makarantun sakandare a Amurka kan cika da 'yan kallo domin wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ya yi kama da zari-ruga.

Ɗalibai kusan miliyan ɗaya ne ke buga wasan a kowace shekara, sai dai fargabar raunin ƙwaƙwalwa ta sa an zuba ido kan masu horar da su, musamman masu koyar da 'yan bayan sahu.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili. A ɓangaren tsaro, uku ko huɗu daga cikinsu kan tsaya a bayan sahun farko, kuma aikinsu shi ne su gano inda ƙwallo za ta bi, su tari mai ɗauke da ita da gudu, su kayar da shi. Galibi su ne suka fi kowa yawan kayar da abokan karawa.

Tsohon salo

Shekaru da dama an koya wa yara su kai hari da kai, bisa tunanin cewa hular kwano za ta kare su.

A shekarar 1968 'yan wasa 36 ne suka mutu a Amurka sakamakon raunukan da suka ji a wasan, akasarinsu ɗaliban sakandare. A 1976 aka haramta kai karo da hular kwano, kuma mace-macen sun ragu matuƙa.

To amma hular tana kare ƙoƙon kai ne daga fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikinsa.

Wani likita haifaffen Najeriya, Dakta Bennet Omalu, shi ne ya wallafa bincike a 2005 kan cutar lalacewar ƙwaƙwalwa ta CTE da ya gano a gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster.

An kuma gano cutar a ƙwaƙwalwar Junior Seau, shahararren ɗan bayan sahu da ya kashe kansa a 2012 yana da shekaru 43. A 2015 wani ɗan bayan sahun, Chris Borland, ya bar gasar ƙwararru ta NFL yana da shekaru 24 saboda tsoron irin wannan makoma.

Dokoki

Jihar Washington ce ta fara kafa doka mai tsauri a 2009, bayan da wani yaro ɗan shekara 13, Zackery Lystedt, ya nakasa a 2006 saboda an mayar da shi fili bayan ya bugu a ka.

Dokar ta tilasta fitar da duk yaron da ake zaton ya bugu, kuma ba zai koma ba sai da izinin jami'in lafiya. Ya zuwa 2014 dukkan jihohi 50 sun kafa makamanciyarta.

Sai dai irin wannan doka tana aiki ne bayan an riga an ji rauni. Rigakafin yana hannun koci.

A 2014 kocin ƙungiyar Seattle Seahawks na lokacin, Pete Carroll, ya fitar da faifan bidiyo yana koyar da salon zari-ruga: ɗan wasa ya kai hari da kafaɗa, ya rungume cinyoyin abokin karawa, ya kawar da kansa gefe.

Jihar Texas, wadda ta taƙaita atisayen karo zuwa minti 90 a mako tun 2013, ta wajabta wa masu horarwa daga 2018 su sami takardar shaidar ƙwarewa a wannan fanni.

Tsaka mai wuya

Wannan ya jefa masu horarwa cikin tsaka mai wuya. Ɗan bayan sahu yana buƙatar maimaita kayarwa har ta zame masa jiki, amma lokacin yin hakan ya ragu, don haka aka koma amfani da buhunan soso da atisaye ba tare da karo ba.

Wasu na ganin yaron da bai saba karo a atisaye ba zai fi fuskantar haɗari ranar wasa. Masu bincike kuwa na nuna cewa yawan buguwa a kai a kai, ko da ƙanana ne, shi ne tushen cutar.

A wani nazari da Jami'ar Boston ta wallafa a 2017, an gano CTE a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL, da kuma 3 cikin 14 na waɗanda suka tsaya a matakin sakandare, ko da yake iyalan da ke zargin akwai matsala ne suka bayar da su.

Wani ƙalubalen shi ne da yawa daga cikin masu horarwar malaman aji ne ko 'yan sa-kai, kuma makarantu da dama ba su da jami'in lafiya na dindindin. A irin waɗannan wurare, kocin da ke neman nasara shi ne kuma zai yanke shawarar fitar da gwarzonsa daga fili.