Bai kamata a kafa shingen karɓar kuɗi a kan alamar masana'antu ba

A masana'antun motoci da na jiragen sama ana buga wa sassan inji wata 'yar alama mai ɗige-ɗige, irin Data Matrix ko QR, wadda kyamarar mutum-mutumi ke karantawa ta gane abin da ta ɗauka da inda aka ƙera shi. Darajar alamar nan duk tana ga yardar da kowa ya yi da ita. Shi ya sa nake ganin zalunci ne mutum ya yi shiru sai ta game duniya, sannan ya fito da takardar mallaka yana neman a biya shi.

Haka wani mai ƙirƙira, Jerome Lemelson, ya yi a Amurka. Ya shigar da buƙatunsa na takardar mallaka a 1954 da 1956, ya yi ta yi musu kwaskwarima shekara da shekaru, har wasu takardun ba su fito ba sai bayan masana'antu sun zuba dukiya a na'urorin karanta alama. Kamfanoni suka biya fiye da dala biliyan ɗaya, da yawansu don gudun tsadar shari'a. Sai da kamfanonin Cognex da Symbol Technologies suka kai ƙara, alƙali Philip Pro na Nevada ya soke takardun a 2004 saboda jinkirin da ya wuce hankali, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2005.

Za a ce mai ƙirƙira ya cancanci cin guminsa, kuma gaskiya ne. To amma Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso na Japan su ma sun yi gumi lokacin da suka fitar da QR a 1994 don bin sawun sassan motoci. Kamfanin ya mallaki takardar, ya sanar cewa ba zai karɓi kuɗi a kanta ba, ya nemi ribarsa a sayar da na'urorin karatu. Za a kuma ce talakan mai ƙirƙira ba shi da masana'anta, takardarsa ce jarinsa. Na yarda, ya nemi kuɗinsa, amma ya bayyana kansa tun kafin a amince da alamar, lokacin da masana'antu ke da damar zaɓar wata. Amurka ta rage ɓarnar a 1995 da ta mayar da wa'adin takardar mallaka shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, amma ba ta ƙare ba: a 2008 sai da Cognex ya sake samun hukuncin kotu a Minnesota kafin a soke wata takarda da ake matsa wa masu amfani da Data Matrix da ita.