TSOHON TAKALMIN BIRKI SHAIDA NE, KADA A JEFAR DA SHI

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa babur ya zama ƙafar jama'a. Da shi ɗan kabu-kabu ke neman abincin iyalinsa, da shi malamin gona da ma'aikacin lafiya ke shiga ƙauyuka. Amma akwai wata al'ada a wuraren gyara wadda ya kamata a bari: in birkin gaba ya fara kuka, sai a cire takalman birki a jefar, a sa sababbi, a biya kuɗi a tafi, ba wanda ya dubi yadda tsofaffin suka ci. Wannan sakaci ne, domin birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da babur.

A babur mai birkin faifai, takalma biyu ne ke matse faifan, ɗaya ta kowane gefe. Wani ƙarfe mai kamar muƙamuƙi ke riƙe da su. In an matsa hannun birki, man birki ya tura fistan, fistan ya tura takalmi ɗaya, muƙamuƙin kuma ya zame bisa sandunansa ya jawo ɗayan. In komai lafiya yake, takalman biyu suna cinyewa kusan daidai. In ɗaya ya ƙare alhali ɗayan na da kauri, to akwai ciwo a wani wuri, sabon takalmi kuwa ba ya warkar da shi.

Ga yadda ake ganewa. In takalmin gefen fistan ne ya fi ci, ko dai fistan ya yi tsatsa ba ya komawa, ko sandunan zamiya sun cije, har takalmi ɗaya ke aikin biyu. In na ɗaya gefen ne ya fi ci, galibi muƙamuƙin ne ba ya komawa wurinsa bayan an saki birki. In takalmi ya ci a karkace, baki ɗaya siriri ɗaya mai kauri, a dubi mazauninsa ko ya zauna daidai, a dubi sandunan ko sun yi sako-sako. In duka biyun sun ƙare da wuri, mai yiwuwa ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta a wajen hannun birki ta toshe, birki yana riƙe ko da ba a taɓa shi ba. In hannun birki na bugun yatsu lokacin tsayawa, faifan ya lanƙwashe.

Gwajin bai buƙatar wata na'ura. A ɗaga ƙafar gaba, a juya ta, a matsa birki, a saki. In ba ta koma juyawa sakayau ba, wani abu na riƙe da ita.

Dalilin yawan wannan ciwo a Nijar ba ɓoyayye ba ne. Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin karkara suna shiga duk inda robar kariya ta tsage, ruwan damina ya biyo baya da tsatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma laifin hannu: wanke muƙamuƙin birki da fetur ko shafa masa baƙin mai yana kumbura robobin ciki, fistan ya daina komawa. Abin da ya dace shi ne a goge fistan da man birki mai tsabta, a sa wa sanduna giris ɗin da aka yi domin birki, a sake robar da ta tsage. Shi kansa man birki yana shan damshi, shi ya sa masu ƙera babura da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2, da irin wanda aka rubuta a murfin tukunyarsa, DOT 3 ko DOT 4.

Wasu za su ce wannan bincike ɓata lokaci ne, kuma bakanike zai ƙara kuɗin aiki. Gaskiya ne zai ƙara. Amma wanda ya ƙi biya yau zai sake sayen takalma kafin lokacinsu, in ƙarfen takalmi ya kai ga faifai ya karce shi zai sayi faifai, wanda ya fi tsada nesa. Abin da ya fi wannan muni shi ne ranar da yaro ko dabba za ta ratsa hanya, birki ya kasa.

Saboda haka nauyin yana kan mutum uku. Mai babur ya nemi a nuna masa tsofaffin takalman biyu, ya jera su ya duba. Bakanike ya koya wa yaran shagonsa neman dalili kafin sake kaya, kuma kullum a sake takalman biyu tare. Shugabannin ma'aikatu masu baburan aiki su sa a riƙa rubuta ranar kowane canji da yadda takalman suka ci, domin dukiyar ƙasa ce, rayukan da ke bisanta kuma na ƴan ƙasa ne.