Tallafin kamfanonin kirifto: Wa ke riƙe da bakin jakar?

Jama'a, a wannan watan zan ɗan ajiye sharhin fim in taɓo wata magana da ta daɗe ta na ci mani tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya zauna a rumfar masu cajin waya a nan Zuru cikin 2024 ya ga yadda samari su ka duƙufa su na ƙwanƙwasa fuskar waya, wai su na "mainin" a Telegram. Da Hamster Kombat ta tashi rabo a watan Satumba, da yawa abin da su ka samu bai taka kara ya karya ba.

Wannan ya wuce. Abin da ya fi damu na shi ne sabon salon da ya fara shigowa cikin 'yan fim da marubutan mu. Wai akwai dandalin sada zumunta na bulokcen inda babu ubangida, kuma kamfani ya ware maƙudan kuɗi don tallafa wa masu ƙera manhaja da masu fasaha. Ka ɗora fim ɗin ka, ki ɗora littafin ki, a biya ku da kirifto. Daɗin baki ke nan!

Wani aboki na da mu ka yi difloma tare ya shafe wata huɗu ya na ƙera manhajar karanta littattafan Hausa saboda irin wannan tallafi na wani kamfani. Ya cika sharuɗɗa, ya aika. Amsar da ta zo layi biyu ce: kwamiti bai amince ba. Su wa ye a kwamitin? Wa aka bai wa? Nawa aka ba shi? Shiru ka ke ji, wai malam ya ci shirwa. Ina zai kai ƙara?

Kada wani ya ce ɗacin rai ne ke sa ni magana. Ku dubi Steemit, dandalin da aka buɗe a 2016, wanda ke biyan mutum idan ya yi rubutu. Tun farko kamfanin ya tara wa kan sa kaso mai tsoka na kuɗin dandalin, ya ce na bunƙasa aikin ne. Alƙawari ne na fatar baki. A Fabrairun 2020 sai attajiri Justin Sun, mai Tron, ya saye kamfanin har da wannan kaso. Wakilan da jama'a su ka zaɓa su kula da dandalin su ka tsorata, su ka kulle kuɗin. A farkon Maris, kasuwannin kirifto na Binance da Huobi da Poloniex su ka yi amfani da ajiyar mutane su ka kaɗa ƙuri'a, aka tsige wakilan. Ranar 20 ga Maris waɗanda su ka fusata su ka ɓalle su ka kafa Hive. A watan Mayu kuma sababbin wakilan su ka ƙwace kuɗin Steem miliyan 23.6 daga asusu 64. To ina rashin ubangidan?

Masu kare abin za su ce mani ai a bulokcen komai a fili ya ke, kowa na iya ganin shigar kuɗi da fitar su. Gaskiya ne. Amma lambar asusu ka ke gani, ba ka ganin fuskar mai shi. Ba za ka san ko ƙanen shugaban kamfanin ba ne, ba kuma za ka san dalilin da ya sa aka ba shi aka hana ka ba. Za su ce akwai zaɓe. I, amma a Steem nauyin ƙuri'ar ka gwargwadon nauyin jakar ka ne. Wanda ya fi kowa kuɗi shi ne alƙali, shi ne mai gabatar da ƙara.

Mu 'yan fim bai kamata a yi mana wannan wasan sau biyu ba. Mun san zamanin kaset, lokacin da furodusa zai karɓi jari a hannun ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai, daga nan ɗan kasuwar ya zaɓi jarumi, ya faɗi adadin waƙoƙi, ya yanke farashi. Amma shi ka san shagon sa, ka san masu yi masa faɗa ya ji. Ko naira biliyan 3 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware wa harkar fim a 2013, duk da ƙorafin da aka yi, an san ma'aikatar kuɗi ce ke riƙe da shi. Shi kuwa wannan kamfanin, ko kiyos ba shi da shi a Nijeriya. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, amma ta yaya yaro daga Zuru zai kamo wanda bai san ƙasar da ya ke zaune ba?

Ni ban ce a guji fasaha ba. Cewa na yi kafin ka ba da gumin ka, ka yi tambaya huɗu. Wa ke da ikon sa hannu a fitar da kuɗin? An wallafa sunayen waɗanda aka bai wa da adadin? Akwai mai binciken kuɗi daga waje, wanda ba kamfanin ke juya shi ba? In an sayar da kamfanin gobe, me zai faru da asusun da kuma haƙƙin mallakar aikin ka? Ya kamata MOPPAN da ƙungiyoyin marubuta su riƙa yin waɗannan tambayoyin a madadin 'ya'yan su.

A ƙasar mu ta Zuru, saurayin da ya shiga golmo ya san gonar wa zai nome, ya san shekara bakwai ne, ya san yarinyar, kuma dattawa shaida ne. Wanda ya ce ka yi masa golmo a ɓoye, ba shaida ba wa'adi, wallahi ba aure zai ba ka ba.

Allah ya sa mu gane. Sai wata mai zuwa in mai duka ya kai mu.