Mu San Doka: Ƙuri'ar Ɗan Majalisa

Masu karatu, a wannan wata za mu duba dokar zaɓen 'yan majalisa. Idan zaɓe ya zo, hankalin yawancinmu yakan tafi kan Shugaban Ƙasa da Gwamna. Takardar ɗan majalisa kuwa sai mu dangwala ta da gaggawa, kamar gyara ce aka ƙara mana a kasuwa. Alhali kuwa waɗannan mutane su ne masu yin doka, su ne kuma masu amincewa da kasafin kuɗin da ake gina makaranta da asibiti da shi.

Bari mu ɗauki Rano da Kibiya misali, a kudancin Jihar Kano. Mai zaɓe a can yana da wakilai uku. Na ɗaya shi ne ɗan Majalisar Dokokin Jiha. Majalisar Kano tana da kujeru 40, Rano tana da tata, Kibiya ma tana da tata. Na biyu shi ne ɗan Majalisar Wakilai a Abuja. A nan an haɗa Rano da Bunkure da Kibiya suka zama mazaɓa ɗaya cikin 24 na Kano, cikin 360 na ƙasa duka. Kabiru Alhassan Rurum, wanda ya taɓa zama Kakakin Majalisar Kano, shi ya ci wannan kujera a 2019 da 2023. Na uku shi ne Sanatan Kano ta Kudu, ɗaya daga cikin sanatoci 109.

Tsarin Mulki na 1999 ya ce sai mai shekara 18 yake jefa ƙuri'a. Ɗan takara kuwa dole jam'iyya ta tsai da shi, ya kuma yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa. A 2018 aka rage shekarun takarar Majalisar Jiha da ta Wakilai daga 30 zuwa 25. Na sanata suna nan 35. Iyaye mata kuma su tuna, a zaɓen 1959 ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba. Sai a 1979 suka fara zaɓen 'yan majalisar tarayya, bayan wahalar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha.

To, ga abin da muke so a riƙe. Zaɓen ɗan majalisa ya bambanta da na gwamna ta hanya biyu.

Ta farko, wajen ƙirga. Ban da rinjayen ƙuri'a, gwamna sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiharsa. Ɗan majalisa ba shi da wannan sharaɗi. Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar kaɗan ce. Saboda haka rumfa ɗaya a wani ƙauyen Kibiya tana iya yanke wanda zai tafi Abuja da sunan ƙananan hukumomi uku.

Ta biyu, wajen shari'a. Wanda bai yarda da sakamako ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara. Kotun zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, kotun gaba kuma kwana 60. Gwamna yana iya kai ƙararsa har Kotun Ƙoli. Ɗan majalisa kuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ita ce ƙarshen tafiyarsa.

Mun ga amfanin sanin wannan bayan zaɓen 2023. A Kano, kotun zaɓe ta cire wa Gwamna Abba Kabir Yusuf ƙuri'u 165,663, ta ce takardun ba su da hatimi da sa hannun jami'in zaɓe. Ran 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta mai da masa su, ya ci gaba da mulki. A ranar nan kuma ta tabbatar da Gwamna Caleb Mutfwang na Jihar Filato, ta ce yadda jam'iyya ta tsai da ɗan takararta maganar cikin gida ce. Amma 'yan majalisar PDP na Filato, waɗanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta sauke a kan wannan magana, ba su da wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Kujerunsu sun tafi ke nan.

Me wannan ya koya mana? Rigakafi ya fi magani. Abin da ya ɓaci a rumfar zaɓe, da wuya kotu ta gyara wa ɗan majalisa shi sarai. Aikin yana hannunmu tun da safiyar ranar zaɓe.

An yi zaɓen 2023 bisa ga Dokar Zaɓe ta 2022. A ƙarƙashinta na'urar BVAS ce ta tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska, aka ƙirga ƙuri'u a rumfa a gaban jama'a, aka ba wakilan jam'iyyu kofen sakamako. Majalisa takan yi wa dokar zaɓe gyara loto loto, don haka mu saurari sanarwar hukumar INEC kafin kowane zaɓe. Amma akwai abubuwa huɗu da kowa zai iya yi.

Mu yi rajista da wuri, mu karɓi katinmu, mu tuna wa 'ya'yanmu da suka kai 18 su yi nasu. Idan an miƙo mana takardar ƙuri'a, mu juya bayanta mu ga hatimi da sa hannu kafin mu dangwala. Bayan mun jefa, mu tsaya cikin natsuwa har a ƙirga, mu ji adadin da kunnenmu. Sa'an nan kada mu sayar da ƙuri'a. Taliya da sabulu ba sa kai mako, kujera kuwa shekara huɗu ce.

Wani zai ce, ai doka ta yarda a yi wa ɗan majalisa kiranye. Gaskiya ne. Amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, a tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Jihar Kogi a 2018 da 2025, duka biyu ba su kai ga ƙuri'ar ba.

Maigida da uwargida, ku zauna da samari da 'yan matan gida ku tambaye su sunayen wakilansu uku. Wanda bai sani ba, a koya masa tun zaɓe yana nesa.