Hakin Da Ka Raina: Lambobin Bayan Ɗigo

Ni ba a gida na koyi Hausa ba, a aji na koye ta, saboda haka na san wahalar sabon harshe. Da na fara koyon harshen kwamfuta mai suna Python domin aikin kundina na digiri, sai na ga ashe wahalar iri ɗaya ce.

Aikin nawa shi ne ƙirga kalmomin aro a cikin wasu labaran jarida. Na sa kwamfuta ta fitar mini da kashi nawa cikin ɗari suke, wato 100 a raba 3, sai ta rubuto 33.333333333333336. Haka na kwafe shi na kai wa malamina. Ya dube ni ya ce, "Wannan lambar wayar wa ce?" Kunya ta kama ni.

Tun daga ranar ra'ayina shi ne: duk wanda ya shiga sabon harshen kwamfuta, ya fara da koyon yadda ake ƙayyade lambobin bayan ɗigo. A Python da C, alamar .2f ita ke cewa a nuna guda biyu kawai. A JavaScript kuwa toFixed(2) ake rubutawa. Minti biyar ya isa a koye su.

Amma a kula, abin da aka nuna daban, abin da ke ajiye daban. Mu ɗaliban Hausa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "fari" kan zama launi, ko rashin ruwan sama, ko mafari. Ita ma kwamfuta da 0 da 1 take lissafi, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, kuma ba ta iya ajiye 0.1 cif-cif. Tara 0.1 da 0.2 a Python, za ka ga 0.30000000000000004. Ka ce ta taƙaita 2.675 zuwa lamba biyu, sai ta ba ka 2.67, domin abin da ta ajiye bai kai 2.675 ba.

Wani zai ce ai wannan hakin banza ne. To, a 1982 kasuwar hannun jari ta Bankuba a Kanada ta kafa ma'auninta a kan 1000. A kowane lissafi sai manhajarsu ta yanke duk abin da ya wuce lamba uku bayan ɗigo, maimakon ta kai shi ga mafi kusa. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811, alhali da aka gyara sai ga shi 1098.892. Mu dawo gida: ɗalibin da matsakaicin makinsa ya kai 4.496, in an kai shi ga mafi kusa 4.50 ne, in an yanke kuwa 4.49 ne. Inda 4.50 ke nufin daraja ta ɗaya, ka ga shekara huɗun mutum ta rataya a kan layi guda na manhaja.

Shawarata guda uku ce. Kada ka taƙaita lamba a tsakiyar lissafi, bari sai za ka nuna sakamako. In lissafin kuɗi ne, yi shi da kwabo, ko da kayan aikin decimal na Python. Sannan ka san mai karanta maka, domin a Nijar, bisa tsarin Faransanci, 3,50 suke rubutawa inda mu ke rubuta 3.50.

Mun yarda cewa wanda ya bar lanƙwasar ƙ ya mai da ƙasa kasa bai gama koyon Hausa ba. To, haka ma wanda bai iya riƙe ɗigo ba. Allah Ya sa mu dace.