Kada «na yafe» ta riga takarda

 

Maganar wannan wata daga tabarmarmu ta fito. Akwai wata ƴar ƙungiyarmu mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba za mu kama sunanta ba, ita ce dai ta ce mu faɗa don wasu su amfana. Ta ci rancen jikka 50 a asusu ta sayi gyaɗa, ta soya, ta shiga Hiyas za ta kai kaya kasuwa a kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa. Taya ta fashe, mota ta kife. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafa ta karye, jarkokin mai kuwa ƙasa ta shanye.

Kwana uku tana kwance a asibiti sai ga mai mota da dattijai biyu. Suka yi jaje, suka yi addu'a, aka tura jikka 30 ƙarƙashin matashin kai. Kun san halinmu. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce: «Haba Alhaji, ai daga Allah ne, na yafe.» Kowa ya ce madalla da wannan baiwar Allah.

Jikka 30 ba su kai sati biyu ba. Ita kuwa wata huɗu ta yi ba ta taka ƙasa ba. Akuyarta ta tafi, kwanukan da take tara wa ɗiyarta suka bi baya. Asusun taimako muka girgiza shi har ya yi ƙara, ga rancen jikka 50 yana jira, ga lokacin rabo ya matso. Ranar da aka tayar da zancen a taro, wallahi kowa kallon tabarma yake yi. A yafe mata? Kuɗin na mata talatin ne, kowace da tata buƙata. A matsa mata? Da wace ƙafa za ta nemo?

A nan ne wata daga cikinmu, wadda ƙanenta ya taɓa bin irin wannan magana, ta yi tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko: motar tana da asirans?

Abin da muka koyo daga nan shi ne muka kawo muku. A Nijar, duk abin hawa mai inji, mota ce ko babur ko babbar mota, dole ne mai shi ya yanki inshora, wadda muke kira asirans. Dokar da ke tafiyar da ita ana ce mata dokar CIMA. Ƙasashe 14 na Afirka ne suka yi tarayya a kanta, Nijar na ciki, an sa mata hannu a birnin Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Wannan takarda da jandarma ke tambayar direba a bakin hanya, ba don ado aka yi ta ba. Mai mota yana biyan kuɗi kowace shekara ne domin ranar da motarsa ta ji wa mutum ciwo, kamfanin ya biya diyya a madadinsa. To kun ga ashe ƴar uwarmu ba Alhaji ta yafe wa ba. Kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa ta yafe wa, shi kuwa ko sannu bai zo ya yi mata ba.

Ba mu ce kada a yafe ba. Ki yafe wa direba a zuciyarki, ki ce ba ki riƙe shi da komi ba, wannan tsakaninki da Allah ne, kuma alheri ne. Diyya kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, addini ma ya san da ita. Yarda da ƙaddara ba ta hana a nemi magani, haka ba ta hana a nemi kuɗin maganin a inda doka ta ajiye shi.

Wani abu da ya ba mu mamaki: dokar ta tsaya wa fasinja da mai tafiya a ƙasa ƙwarai. In ba ke ce ke tuƙi ba, ba a hana ki diyyar rauni don an ce laifinki ne, sai fa in da gangan kika jefa kanki. Yaron da ya ruga ya tsallaka titi, ko tsohuwar da ba ta ji ƙahon mota ba, duk suna da hakki. Saboda haka in aka ce miki «ai ɗanki ne bai duba hanya ba», kada wannan ya sa ki naɗe tabarma. Fasinja tana bin asirans ɗin motar da ta shiga, mai tafiya a ƙasa tana bin na motar da ta buge ta.

Sai dai kamfani ba ya jin kuka, takarda yake karantawa. Ta farko ita ce ta hukuma. In hatsari ya auku, a kira ƴan sanda in cikin gari ne, jandarmomi in a kan hanya ne, su zo su yi konsta su rubuta rahoton da ake kira PV. A nan ne ake yi mana wayo na farko: «Hajiya, kada a sa hukuma ciki, mu gyara tsakaninmu.» Ranar da aka janye motar ba a rubuta komi ba, to shaida ta tafi. Wadda ke da ƙarfi a wurin ta ɗauki hoton lambar mota da salula, da takardar asirans ɗin in an samu, sannan ta tabbata an rubuta sunan mai raunin a cikin rahoton, daidai yadda yake a katinta. Doka ta ce hukuma ta aika wa kamfanin asirans wannan rahoto, kuma ke ma in kin nema kamfanin zai ba ki kwafinsa. Sa'ar ƴar uwarmu ke nan: mutane da yawa suka ji ciwo a motar, jandarmomi sun zo, sunanta yana ciki.

Ta biyu ita ce ta likita, wadda ke faɗin irin raunin tun ranar farko da kwanakin da za a yi ba aiki. Mun san da yawa cikinmu sun fi yarda da maɗori, kuma ba mu zo raba ku da shi ba. Amma maɗori ba ya ba da takarda mai hatimi. A fara zuwa asibiti, a ɗauki hoton ƙashi, a karɓi takarda. Daga nan duk abin da aka biya, na gado, na hoto, na allura, na farmasi, a karɓi resi a haɗa da takardar maganin a jefa cikin leda guda. Ƴar uwarmu ta lissafa ta kashe wajen jikka 85. Da muka zazzage jakarta da ƙarƙashin katifa, resin jikka 31 kaɗai muka samu. Saura an ƙulle gishiri da su, ko yara sun yi wasa da su. Jikka 54 ke nan suka bi iska, mu da ke cin tarar mace dala biyar in ta makara a taro!

Yanzu ga lissafi, don shi ne kowa ke son ji. Ba ciniki ake yi ba kamar na kasuwa, doka ta yanka ma'auni. Ma'aunin kuwa shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ake kira SMIG. A da jikka 30 da ɗoriya ne a wata, tun farkon 2024 ya koma jikka 42. A shekara jikka 504 ke nan. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu.

Kuɗin magani ana mayar da abin da resi ya nuna, amma da iyaka: ba a wuce ninki biyu na farashin asibitin gwamnati. Wadda ta tafi kilinik mai tsada ta san da haka.

Sai kwanakin da aka yi kwance ba sana'a. Ana biyansu in sun wuce kwana takwas, kuma likita ne ke yanke adadinsu. Mai albashi ana duba takardar albashinta, babban ɗan kasuwa ana duba takardunsa na haraji. Mu fa, masu ƙosai da fura da ɗinki da kiwo? Wadda ba ta da takardar da ke nuna abin da take samu, ana lissafa mata da SMIG. Mun san akwai cikinmu wadda ribarta ta wata ta wuce jikka 42 nesa, kuma wannan da ciwo. Amma ku juya maganar: matar da ake ce wa «ai ba ta aikin komi, zaman gida take», ita ma doka ta ƙidaya mata jikka 42 a kowane wata da ta yi kwance. Wata huɗu, jikka 168.

Akwai kuma kuɗin zafin ciwo, da na tabo ko lahanin da ya ɓata sura, kowane da nasa. Matakai takwas ne. Na ƙasa shi ne kashi 5 cikin 100 na SMIG ɗin shekara, wato 25.200. Na huɗu, matsakaici, kashi 40, wato 201.600. Na ƙoli ninki uku ne na SMIG ɗin shekara, miliyan ɗaya da rabi da ɗan kai. Likita ne ke faɗin matakin, ba ke ba, ba kamfani ba. Shi ya sa ranar awo ba ranar kunya ba ce. Mun san mace da za a tambaye ta «ina jiki?» tana cije leɓe ta ce «da sauƙi». Wannan amsar gaisuwa ce, ki bar ta a zaure. A gaban likita ki faɗi gaskiya: ba ki iya durƙuso a bakin murhu, ba ki iya ɗaukar tulu, dare ba barci. Kada ki ƙara, kada ki rage.

In ciwo ya warke ya bar naƙasa, ƙafa ta gajarce ko hannu ba ya miƙewa, likita yana auna ta kashi nawa ce cikin ɗari, a haɗa da shekarunki a fitar da kuɗi. Naƙasar da ta kai kashi 50 tana jawo ƙarin diyya ta asarar abin neman abinci. Kuma ba a auna naƙasa sai ciwo ya tsaya inda zai tsaya, likita ya ba da takardar haka. Wadda ta dangwala yatsa a takardar sulhu tun tana kwance, ta sayar da tunkiya ke nan tun tana cikin uwarta. In jinya ta yi tsawo, ana iya neman kamfani ya ba da wani kaso tukuna, sauran ya biyo baya.

Mu haɗa na ƴar uwarmu mu gani. In likita ya amince da wata huɗu, ya kuma sa zafin ciwonta a mataki na huɗu, 168.000 da 201.600 da resin 31.000 sun tashi jikka 400 da ɗoriya, ba a ma sa naƙasa ba. Ƙiyasinmu ne na kan tabarma, yana iya hawa, yana iya sauka. Amma ku ajiye shi kusa da jikka 30 na ƙarƙashin matashi.

Kamfani shi doka ta ɗora wa ya kawo tayi a rubuce cikin wa'adi, in ya yi jinkiri akwai tara a kansa. Tayin ya zo dalla-dalla: magani kaza, kwanaki kaza, zafin ciwo kaza. In an ba ki dunƙule guda, ki ce a warware miki. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da mai karatun Faransanci da kika yarda da shi, kuma kina da damar ɗaukar lauya da kuɗinki. Ko kin sa hannu, in aka gano ba a bi doka ba a lissafin, kina da kwana 15 ki janye ta hanyar wasiƙa mai rajista. In yaro ne ya ji ciwo, ba a kashe maganarsa a bakin ƙofa, sai da amincewar alƙali ko majalisar iyali. In an kasa daidaitawa, kotu tana nan. Motar da ba ta da asirans kuwa, mai ita ake bi, kuma wannan hanya ta fi tsawo da wuya, ba za mu ɓoye muku ba.

Ku yi hattara da masu shawagi a ƙofar asibiti da tasha suna cewa ki ba su wakilci su karɓo miki. Akwai na kirki, akwai wanda za ki ga ƙurarsa kawai. A rubuta nawa zai ci tun kafin a fara, a gaban shaidu, kuma takardunki na asali su kwana a ɗakinki, kwafi za ki ba shi.

Ba mu so mu taɓo zancen rasuwa ba, Allah ya tsare, amma dole a faɗa. In mai gida ya rasu a hatsari, matansa da ƴaƴansa da iyayensa suna da hakki, har da kuɗin jana'iza. Sai dai za a tambayi takardar rasuwa, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro, da ta magada. Mata nawa cikinmu ke da takardar aure? A ɗaga hannu a taro mai zuwa a gani. Wadda ba ta da ita, ko yaranta ba su da ta haihuwa, ta nufi ma'aikatar magajin gari ko kotu tun ana zaune lafiya.

Ƴar uwarmu dai baki kawai ta yi magana, ba ta dangwala wa kowa yatsa ba, kuma doka ta ba da shekara 5 daga ranar hatsari kafin ƙofa ta rufe. Mun wakilta mata biyu suka raka ta birgad aka samo lambar rahoton, ta koma asibiti aka ba ta takardunta, an kai komi kamfani an karɓo shaidar ajiya mai kwanan wata. Har yau da muke rubutun nan ko dala ba ta shigo ba, an ce a jira kiran likitan awo. Rancen jikka 50 ƙungiya ta ɗage mata shi zuwa bayan rabo, ba tare da ƙarin ruwa ba, da ƙuri'a 24 cikin 30. Shida ɗin da suka ƙi ma ba mu ga laifinsu ba, kuɗinsu ne.

Mun kuma sayi leda mai zik guda talatin daga kuɗin tara, kowace mace ɗaya, ta katin ɗan ƙasa da takardun yara da resi. Duk ƙungiyar da ke da mace ko yaron da mota ko kabu-kabu ya ji wa ciwo cikin shekaru biyar da suka wuce, a tambaye ta a taron wannan sati ko hukuma ta rubuta, kuma ko ta sa hannu a wata takarda.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.