Wa Ya Taɓa Auna Ruwan Da Yaranmu Ke Sha A Makaranta?

Idan uba ya je nemar wa ɗansa makaranta, tambayarsa ba ta wuce kuɗin zango, kuɗin yunifom, sai ko akwai malamin Turanci mai kyau. Ban taɓa jin wanda ya ce a nuna masa takardar gwajin ruwan da yaron zai riƙa sha tun safe har azahar ba. In dai ruwan ya fito garau, shi ke nan hankali ya kwanta.

Ita kuwa dalma ba a gane ta da ido. In tana cikin ruwa ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tafasawar da iyayenmu mata suka dogara da ita ma ƙwayoyin cuta take kashewa; ruwan ne zai tafi a tururi, dalmar ta zauna daram a cikin tukunya.

Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin wannan guba ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa, ashe cike yake da dalma. Yara kusan 400 suka rasu. A 2015 aka sake kwatawa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Gaskiya ne ƙura da ƙasar tsakar gida suka fi yin ɓarna a can, amma masu bincike sun sami dalmar a tafkuna da wasu rijiyoyi ma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da gubar ba ta kashe ba. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, wanda ke fama da yunwa ko ƙarancin jini kuwa abin ya fi muni. Kai-tsaye ƙwaƙwalwa take nufa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Yaro ya kasa riƙe karatu, ya kasa zama wuri ɗaya, malam ya sa masa bulala, a gida a ce masa daƙiƙi, wata gwaggo ta ce ai iskoki ne. Kowa ya faɗi nasa, ba wanda ya kalli randar makaranta.

Kada na birni ya ce ai ba a haƙar zinare a unguwarsu. Ruwa kan fito da tsabta daga ƙasa, ya kwashi dalma a hanya, daga tsohon bututu, ko mahaɗin da aka liƙe da dalma, ko kan famfo na tagulla. Haka ta faru a garin Flint na Amurka, inda hukuma ta sauya wurin da ake ɗebo ruwa a 2014, sabon ruwan ya cinye cikin tsofaffin bututu, sai a 2015 wata likitar yara ta nuna dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. Makaranta kuma ta fi gida haɗari ta wannan fuskar, don ruwa yana kwana a bututu Asabar da Lahadi, balle dogon hutu.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada dalma ta wuce maikurogiram 10 a lita guda, kuma dokar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ma a nan ta tsaya. To wa ke aunawa? A ganina wannan aikin ƙungiyar iyaye da malamai ne, tunda duk zango ana karɓar kuɗinta. A ɗebi ruwa kwalba biyu a kowane famfo, ɗaya da sassafe kafin kowa ya taɓa, ɗaya bayan ruwan ya zuba na 'yan mintuna, a kai ɗakin gwaji na jami'a mafi kusa. In ta farko ce kaɗai ta nuna dalma, laifin kan famfo ne ko bututu, a canza su. In duka biyun ne, matsalar daga can baya take, a rufe famfon a nemo wa yara wani ruwan, sannan a kai su asibiti a gwada jininsu.

Kafin a kai ga haka, ranar Litinin da ranar dawowa hutu, a sa maigadi ya buɗe famfunan su zuba sosai kafin yara su shigo. Makarantar da ke kusa da masu wanke zinare ko masu fasa tsohon batirin mota kuwa, da ita ya kamata a fara.